Zuciya Tsakanin Tunanin Bahaushe da Awon Likita: Bayani a Kan Kula da Lafiyar Zuciya a Rayuwar Yau da Kullum

Tsakure

Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya, kuma ƙasar Hausa ba ta tsira daga gare su ba. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake kula da lafiyar zuciya, da yadda mai ciwon zai iya zama da shi, ta hanyar bin sawun kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a wannan fage. An lura cewa Bahaushe ya ɗauki zuciya a matsayin mazaunin tunani da fushi da baƙin ciki. Saboda haka, idan ya ji an ce “ciwon zuciya” ko “hawan jini”, hankalinsa yakan tafi ga ɓacin rai. Wannan fahimta tana da ƙamshin gaskiya, sai dai takan sa majiyyaci ya auna lafiyarsa da abin da yake ji a ransa, ya ajiye magani da zarar hankalinsa ya kwanta. Maƙalar ta fayyace manyan cututtukan zuciya, da hanyoyin lallaɓa su, da matakan kariya, sannan ta nuna gurbin da masana Hausa za su cike.

Fitilun Kalmomi: zuciya, hawan jini, jego, kanwa, magani, waraka

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka rasu sakamakon cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, wato kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen da aka yi a duniya a wannan shekara. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfin arziki. Wannan ya rushe tsohon zaton da ake yi cewa ciwon zuciya ciwon masu hannu da shuni ne, ko na mazauna ƙasashen Turai.

Masu nazarin al’adun Hausawa sun daɗe suna bibiyar sha’anin cuta da magani. Lewis Wall ya wallafa littafi a kan magungunan Hausawa a 1988, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya gabatar da kundin digirinsa na uku a kan magungunan Hausa a rubuce a Jami’ar Bayero ta Kano a 1995. Ayyuka irin waɗannan sun tabbatar da cewa sunan da al’umma ta raɗa wa cuta shi yake nuna ƙofar da za ta ƙwanƙwasa wajen neman magani. A kan wannan turba maƙalar ta ɗora bayaninta. Manufarta ita ce ta nuna cewa kula da zuciya yana farawa daga rarrabe abu biyu da Hausa ta haɗa a kalma ɗaya: zuciyar da ke jin daɗi da ɓacin rai, da zuciyar da ke tura jini. Ta farko mai ita ne yake sanin halin da take ciki. Ta biyu kuwa sai an auna.

2.0 Zuciya a Harshe da Tunanin Bahaushe

Duk wanda ya saurari maganar Hausawa ta yau da kullum zai tarar cewa kalmar zuciya ta fi yawan fitowa a fagen ɗabi’a da tunani. Ana cewa wane yana da farar zuciya ko baƙar zuciya, yana da zafin zuciya ko sanyin zuciya, yana da taurin zuciya ko ya samu karayar zuciya. Wanda ya yi fushi ya kauce an ce ya yi zuciya. Malalaci an ce zuciyarsa ta mutu, mai himma kuma yana da zuciyar nema. Akwai saƙar zuci, da son zuciya, da ajiyar zuciya. Karin magana ya ce “zuciyar mutum birninsa”, wani kuma ya ce “labarin zuciya a tambayi fuska”. A duk waɗannan babu inda ake nufin tsokar da ke cikin ƙirji.

Zuwan Musulunci ya ƙara wa wannan ma’ana ƙarfi. Sanannen hadisin Nu’umanu ɗan Bashir ya siffanta zuciya da tsokar da gyaruwar mutum da ɓacinsa suke rataye a kanta, kuma idan malami ya ambaci “cututtukan zuciya” a zauren wa’azi, hassada da riya da girman kai yake nufi. Ke nan lafazi ɗaya yana da ma’ana guda a masallaci, wata dabam a asibiti.

Kalmomi uku sun cancanci a tsaya a kansu.

2.1 Haɗiyar Zuciya: Idan mutum ya faɗi ya mutu farat ɗaya bayan wani abin baƙin ciki, akan ce ya haɗiyi zuciya. Lafazin ya ɗora dalilin mutuwar kacokan a kan abin da ya ɓata wa mamacin rai, ya rufe ƙofar tambaya a kan ciwon da wataƙila ya shekara goma yana cin sa a ɓoye.

2.2 Hawan Jini: Aikatau “hau” yana nuna abu ne da yake aukuwa a wani lokaci, kuma duk abin da ya hau ana sa ran zai sauka. Shi ya sa ake jin “jinina ya hau jiya”, ko uwa ta ce wa ɗanta “kada ka sa mini hawan jini”. Ginin jimlar kansa yana nuna cewa ciwon baƙo ne da ɓacin rai yake gayyatowa, kwanciyar hankali ta sallame shi.

2.3 Waraka: A tunanin Bahaushe, ƙarshen magani waraka. Maganin da aka ce za a sha har iya rayuwa yakan zo wa kunne kamar maganin da ya kasa aiki, sai majiyyaci ya fara waige-waigen wanda zai ba shi na tsige ciwon daga tushe.

Adalci ne a faɗi cewa Bahaushe bai yi kuskure baki ɗaya ba. Binciken INTERHEART da aka gudanar a ƙasashe 52, aka wallafa a 2004, ya lissafa damuwa cikin abubuwa tara da ke jawo toshewar jijiyar zuciya. Haka kuma likitocin Japan sun bayyana a 1990 wani yanayi da tsokar zuciya take raunana farat ɗaya bayan mummunan tashin hankali. Inda gizo yake saƙar shi ne ɗaukar damuwa a matsayin dalili tilo, alhali sauran abubuwa takwas ɗin, irin su shan taba da hawan jini da ciwon suga da teɓa da yawan maiƙo a jini, ba su da ruwa da fushi.

3.0 Zuciya a Matsayin Gaɓar Jiki

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana zaune a tsakiyar ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi, da ƙyauraye huɗu da suke hana jini komawa baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu kuma ya karɓe shi ya raba wa sauran jiki. Likitan nan Balarabe Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya fara bayanin zagayen jini tsakanin zuciya da huhu, sannan William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini a jiki duka a 1628.

Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, tana juya jini kimanin lita 5. Ita ma tana buƙatar abinci, kuma tana samun sa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta. A nan akwai wani cikas na harshe, domin kalmar “jijiya” a Hausa ta haɗa mai kai jini, da mai dawo da shi, da mai ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa, har da wadda take ɗaure tsoka da ƙashi. A wannan maƙala, duk inda aka ce jijiya, hanyar jini ake nufi.

4.0 Manyan Cututtukan Zuciya da Alamominsu

4.1 Hawan Jini

Awon jini yana ba da lamba biyu. Ta sama tana nuna ƙarfin turin jini a bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu mabambanta aka samu ta sama ta kai 140 ko ta wuce, ko ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa manya kimanin biliyan 1.3 ne suke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar.

Dalilin rashin sanin shi ne mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai. Ciwon kai da jiri da ake jingina masa ba ma’auni ba ne, domin mutum yana iya kai wa 180 yana raha a majalisa. A nan karin maganar da ya ce a tambayi fuska ba ya aiki. Shekara da shekaru wannan turi yana kaurara tsokar zuciya, yana ƙeƙasar da jijiyoyi, yana cin ƙoda da idanu, har ranar da bango zai tsage.

4.2 Toshewar Jijiyar Zuciya

Maiƙo yakan taru sannu a hankali a bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Idan wurin ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe, sai ɓangaren tsokar da ke dogaro da wannan jijiya ya fara mutuwa. Alamominsa su ne nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce ’yan mintuna, wanda yakan miƙa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, tare da gumi da haki da tashin zuciya. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga sukan ji gajiya da haki kawai. Sau da yawa akan ɗauke shi ƙwannafi ko gyambon ciki, a jiƙa kanwa a sha, a ɓata sa’o’in da ake iya ceto tsokar a cikinsu.

4.3 Shanyewar Ɓarin Jiki

Wannan yana aukuwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini shi ne babban sanadinsa. Saboda yadda yake zuwa ba sallama, galibi a banɗaki ko da asuba, akan danganta shi da shafar iska ko jifa. Abu uku ake dubawa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya aka gani, asibiti ya kamata a nufa nan take, domin allurar narkar da daskararren jini tana amfani ne cikin sa’o’i huɗu da rabi na farko, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa kafin a san ko toshewa ce ko fashewa.

4.4 Gazawar Zuciya da Sha’anin Jego

Zuciya takan gaza tura jini gwargwadon buƙatar jiki, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Majiyyaci yana haki idan ya yi ’yar tafiya, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai, yakan farka cikin dare yana neman iska. Hausawa sukan kira wannan kumburin zuciya.

Akwai nau’insa da yake kama mata a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, inda bincike a Zariya da Sakkwato da Kano ya nuna yana kama kimanin mace ɗaya cikin masu haihuwa 100. A shekarun 1970, Davidson da Parry, waɗanda suka yi aiki a asibitin Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun alaƙanta shi da al’adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba’in ko fiye, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa tana cike da sinadarin sodiyam mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Binciken baya-bayan nan ya faɗaɗa wannan hoto. Cénac da abokan aikinsa a Yamai a 1992, da Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano a 2015, sun samu ƙarancin sinadarin siliniyam a jinin matan da ke da ciwon. Sannan rajistar PEACE, wadda ta tattara bayanai daga asibitocin sassan Nijeriya aka wallafa sakamakonta a 2020, ta nuna cewa rama da rashin ilimin boko da rashin sana’a da hawan jinin masu ciki su ne suka fi alaƙa da ciwon, ba al’adun jego ba. Darasin da mai nazarin al’ada zai ɗauka shi ne kada a yi gaggawar ɗora wa al’ada laifin da talauci yake da kaso a cikinsa. Duk da haka, mai jegon da take da hawan jini, ko take haki da kumburi, kunun kanwa yana ƙara mata nauyi, kuma asibiti ya kamata a kai ta maimakon a ƙara wa ruwan wanka wuta.

4.5 Lalacewar Ƙyauren Zuciya a Yara

Wata ƙwayar cuta da take kawo ciwon maƙogwaro ga yara ’yan shekara 5 zuwa 15 takan sa garkuwar jiki ta juyo ta far wa gaɓoɓi da ƙyaurayen zuciya. Bayan shekaru sai a ga matashi ko mai ciki tana haki ba tare da an san mafari ba. Maganin fenisilin da aka ba yaro a kan lokaci yana hana wannan, wanda ya riga ya kamu kuwa akan yi masa allurarsa duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru. A inda aka saba kai mai ciwon wuya wurin wanzami a cire masa beli ko hakin wuya, ƙwayar cutar tana nan bayan an gama aski.

5.0 Zama da Ciwon Zuciya

Hausa tana da kalmar da ta fi “waraka” dacewa da waɗannan cututtuka, ita ce “lallaɓawa”. Bahaushe ya san mai fuka da mai sikila lallaɓa ciwonsu suke yi, kuma suna rayuwa su yi aure su hayayyafa. Haka mai hawan jini yake. Lallaɓawar tana da ginshiƙai kamar haka:

i. Shan magani kullum. Idan aka auna mai shan magani aka samu jininsa daidai, wannan shaida ce ta aikin maganin, kuma ajiye shi zai mayar da jinin inda ya fito. Mutane da yawa sai an haɗa musu iri biyu. Gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami’ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata.

ii. Kai ƙorafi wurin likita. Amlodifin yakan kumbura idon sawu, lisinofiril yakan sa busasshen tari kuma ba a ba mai ciki shi, maganin sa fitsari yakan hana barci idan an sha da dare. Duk waɗannan ana iya sauya su ko a sauya lokacin shansu. Kawaici da kunya halaye ne na kirki, amma ɓoye wa likita abin da magani yake yi wa mutum, ko da ya shafi sha’anin iyali, shi yake kai wa ga daina sha a asirce.

iii. Awo bisa ƙa’ida. A zauna a huta minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, dantse daidai da ƙirji, ba magana. A guji goro da shayi da taba rabin sa’a kafin awo. A rubuta lambobin da kwanan wata a littafi guda a riƙa zuwa da shi asibiti.

iv. Hattara da magungunan kemis da na tallar kasuwa. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna ɗaga jini, suna riƙe ruwa, suna cutar da ƙoda. Haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba sun fi haɗari. Zoɓo yana ɗan rage hawan jini kamar yadda gwaje-gwaje suka nuna, amma ba ya maye gurbin magani, kuma sukarin da ake zuba masa yana iya cinye amfaninsa.

v. Lura da nauyi. Mai gazawar zuciya ya riƙa hawa sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ta taruwar ruwa.

vi. Shirin azumi. Kafin watan Ramalana ya kama, majiyyaci ya tuntuɓi likitansa a tsara masa shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma gaya masa ko yanayinsa zai ɗauki azumin.

Addu’a da haƙuri da dangana suna sanyaya rai, kuma sanyin rai yana taimakon mai ciwo. Babu karo tsakaninsu da ƙwayar magani, tun da neman magani shi ma umarni ne na addini.

6.0 Matakan Kariya a Rayuwar Yau da Kullum

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Mataki na farko yana cikin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi yake ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi. Lissafin ya haɗa da gishirin da ba a gani: na dunƙulen ɗanɗano, da na yajin tsire da kilishi, da na burodi da taliyar leda da kifin gwangwani, da kanwar da ake jefawa a miyar kuka da kuɓewa da wake da ɗanwake. Uwargida da ta zuba gishiri da dunƙule huɗu da kanwa a miya ɗaya ta zuba sodiyam sau uku. Idan aka rage a hankali, harshe yakan saba cikin ’yan makonni, musamman idan an ƙarfafa miyar da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta.

Abincin gargajiya na Bahaushe yana da abin yabo a nan. Gero da dawa da acca da wake, da ganyaye irin su zogale da rama da alayyahu da yakuwa, da kwaɗo da fate da dambu, duk abinci ne da zuciya take so. Shawarar masana ita ce a ci ganye da ’ya’yan itace da suka kai giram 400 a yini. Abin ragewa shi ne kitse da kakiɗe da man da aka yi ta maimaita suya da shi, da lemon kwalba, da shayi mai kauri da sukari.

Mataki na biyu motsa jiki ne, aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa’a sau biyar. Manomi da mai daka da mai ɗiban ruwa suna samun wannan a cikin aikinsu. Ma’aikacin ofis da ɗan kasuwar da yake wuni a zaune, ya hau babur zuwa masallacin da ke bayan layi, su ne abin ji. Tafiya da sauri ta wadatar, kuma matan da ke cikin gida suna iya yin ta a tsakar gida. Ya kamata kuma a sake duban yadda ake yaba tumbi da teɓa a matsayin alamar hutu da wadata.

Mataki na uku nisantar hayaƙi ne, na sigari da na shisha, har da wanda na kusa da mai sha yake shaƙa. Hayaƙin itace a rufaffen madafi shi ma yana cikin abubuwan da ke cutar da zuciya, don haka a yi girki inda iska take ratsawa. Na huɗu isasshen barci, da rage wa rai damuwa ta hanyar zumunci da shawara. Na biyar, wanda shi ne uwa uba, kowane baligi ya riƙa auna jininsa ko da yana jin garau, musamman wanda iyayensa suka yi ciwon, mai ciki kuma kada ta yi wasa da zuwa awo.

7.0 Gurbin Masana Hausa

Kafofin yaɗa labarai sukan ce wane ya rasu sakamakon “bugun zuciya”, alhali bugun zuciya shi ne alamar rai. Irin wannan ruɗani aikin masana harshe ne su warware shi tare da likitoci. Maƙalar tana ba da shawarar a daidaita a kan “toshewar jijiyar zuciya” ga mutuwar tsoka saboda yankewar jini, da “gazawar zuciya” ga raunin turin jini, da “tsayawar zuciya” ga ɗaukewar bugu farat ɗaya. A rarrabe “jijiyar kai jini” da “jijiyar dawo da jini” da “jijiyar saƙo”. A saƙonnin faɗakarwa kuma a fifita “lallaɓawa” da “daidaitawa” a kan “warkarwa”.

Marubuta ƙagaggun labarai da masu shirya finafinan Hausa su ma suna da hannu. An saba ganin uba ya dafe ƙirji ya faɗi saboda ’yarsa ta ƙi zaɓinsa, likita ya fito ya ce a guji ɓata masa rai, da an sasanta kuma sai ya miƙe garau. Wannan salo yana ƙarfafa zaton cewa sulhu shi ne maganin hawan jini. Ranar Hawan Jini ta Duniya, 17 ga Mayu, da Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba, dama ce da sassan Hausa na jami’o’i za su iya haɗa gwiwa da kwalejojin likitanci a tattauna waɗannan kalmomi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalmar zuciya tana ɗauke da kaya biyu a Hausa, kuma rinjayen ma’anar tunani a kan ma’anar gaɓa yana shafar lokacin da majiyyaci yake zuwa asibiti da tsawon lokacin da yake riƙe magani. An bayyana cututtuka biyar, an nuna cewa hawan jini shi ne tushen mafi yawansu, kuma ba ya nuna kansa a fuska. An kuma ga cewa a sha’anin jego bincike ya sauya daga zargin al’ada kaɗai zuwa duban abinci da halin rayuwar mace. Abin da ake buƙata daga mutum ɗaya sananne ne: ya auna jininsa, ya rage gishiri da kanwa, ya motsa jiki, ya nisanci hayaƙi, ya riƙe maganinsa ko da ransa fari ne. Abin da ake buƙata daga masana Hausa kuwa shi ne su samar wa likita da majiyyaci kalmomin da za su fahimci juna da su, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.